Kifin Argungu Da Malama Ba Ta Ci Ba

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da maƙwabciyata ta aike ni roƙo wurin mijinta. Kirista ce 'yar Filato, malamar adabin Turanci, katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Nasarawa. Ciwon daji ya cinye ta, har likitoci sun sallamo ta gida.

Ina tausa mata ƙafa ta ba ni labarin wasu mawaƙan Ingila na zamanin da, 'yan gaban goshin sarkinsu. Yaƙi ya ci su, aka fille kan sarkin, wasu aka ɗaure, wasu suka tsiyace. Amma waƙarsu ba ta wuce soyayya da cin moriyar yau ba.

Na ce, "Kai, Malama! Waɗannan ai ba su da hankali."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Da haka nake gaya wa ɗalibai. Yanzu na gane, sun san lokaci ya ƙure masu ne." Sai ta riƙe hannuna. "Ki roƙar min Baban yara ya kai ni Argungu. Can bakin gulbi ya fara cewa yana so na. In ci gasasshen kifi kawai, mu dawo."

Na same shi a zaure yana wanke kwanon maganinta. Mutum ne mai son matarsa, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Na faɗi saƙo. Bai ɗago kai ba ya ce, "In ta ji sauƙi."

Na ce, "Haba, Baban yara, wane sauƙi kuma?"

Ya dube ni, idonsa ja wur. "In na kai ta yanzu, ai na yarda ke nan."

Haka muke duka, Musulminmu da Kiristanmu: mara lafiya na ganin hanya, mu muna ta ce masa zai tashi. Da na koma ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi fuskata, ta juya wajen bango.

Kafin a yanke shinkafa a fadamar Zauro ta rasu. Bayan an binne ta ya tafi Argungu shi kaɗai, ya sayo kifin, ya kawo min a takarda, ya ce ya kasa ci. Ni ma na kasa, na zauna na yi ta kuka.

Tun ran nan na koyi cewa in wanda kake so ya roƙi abu yau, ba shi yau, ko da zuciyarka na tsagewa.