Hancin Jikana a Gaban Malam

Ina tsakar gida ina tsince wake jikana ya shigo, ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya ce mani zai sake hanci. Na ɗauka wani sabon zance ne na yaran yanzu, na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da aikina. Sai ya miƙo mani waya. Ga fuskarshi nan, ga gemunshi, ga hular da na san shi da ita, amma a tsakiya an dasa wani siririn abu kamar bakin buta.

Na ce, "Wannan ɗan gidan wane ne?"

"Ni ne, tsohuwa. Haka zan koma bayan aiki."

Ya yi mani bayani. Wai akwai likita a Abuja, ka tura mashi hotonka, ya maido maka da hancin da za ka samu. Za a sa maka barci, a tsaga, a ɗebo guringuntsi daga haƙarƙarinka a ɗora.

"Maigida," na ce, "daga haƙarƙari mace aka yi. Kai ka rasa abin yi da naka sai hanci?"

Bai yi dariya ba. Wannan ne ya sa na ajiye faifan waken.

Ni na yi mashi wankan jarirai a gidanmu na Gobarau. Yadda muka taras ana yi, idan an gama wanke yaro sai a tsoma tsumma a ruwan zafi, a matse, a gasa mashi hanci, a shafa man kaɗanya a yatsu a riƙa ja a hankali don ya miƙe. Na yi wa yara da yawa haka, kuma ana yabon hannuna. Nashi ne ya ƙi. Idan na ja na saki, sai ya koma ya baje kamar bai san da ni ba. Abin ya ba ni haushi, sai na mai da shi wasa. Kaka da jika dama ba a raba su da tsokana, shi maigidana ne, ni tsohuwar matar da yake cewa zai saki. Na ce hancin burodi ne da aka zauna a kai. Na ce idan ruwan sama ya tsuge kaji za su iya fakewa a ƙarƙashi. Na faɗa a gaban baƙi, na faɗa a gaban abokanshi, shi ma yana taya mu dariya, ni kuma ban taɓa tsayawa na dubi irin dariyar ba.

Ya girma ya zama tela a Ƙofar Kaura. Idan ya ɗinka riga yakan saka a jikinshi ya ɗauki bidiyo ya watsa a waya. Mutane sai su bar rigar su koma kan hancin.

Na roƙe shi ya bari, ya ce ya riga ya yanke. Sai na ce to ya ba ni dama ta ƙarshe, in sake gasa mashi. Ƙila a wancan lokacin ruwan ne bai yi zafi ba. Ban san ko tausayina ya ji ko shi ma tsoron wuƙar yake yi ba, amma ya yarda.

Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya zo. Jariri a kan ƙafafu ake kwantar da shi, to na miƙe ƙafafuna a tabarma, ƙaton mutum mai gemu ya ɗora kanshi a gwiwoyina, sauran jikin ya miƙe har bakin rariya. Na gasa, na shafa, na ja. Yana cewa, "Wayyo, Hajiya, fata ce fa!" ina cewa ya yi shiru, sanda yana jariri bai yi mani wannan rakin ba. Matan maƙwabta suka samu labari, suka fara leƙowa ta katanga. Wata ta ce in ƙara kanwa a ruwan. Wata ta ce a ƙauyensu na wajen Batagarawa har da zare suke ɗaurewa. Kanwar kam na ƙara.

Kafin mako ya zagayo hancin ya kumbura ya yi jajir yana sheƙi kamar tumatir. Tsawo dai bai ƙaru ba. Faɗi ne ya ƙaru.

Da na ga hannuna ya kasa sai na koma ga addini. Na ce mashi ai canza halitta haramun ne. Ashe ya riga ni. Ya ce ya tambaya, an ce mashi idan don ƙarin kyau ne ba a yarda ba, amma idan aibi ne na gaske da ke cutar da mutum, ana iya gyarawa. Limamin unguwarmu ya ce ya zo da wani babba na gida da zai shaida.

"To wa za ka kai?"

"Ke mana. Wa ya kai ki sanin aibin hancin nan?"

Limamin tsoho ne, abokin marigayi mijina. Muka same shi a zaure da hantsi. Na zauna daga bakin ƙofa, muka gaisa, ya tambayi gida da yara da ƙafafuna, na tambayi iyali da jama'a da idonshi da aka yi wa aiki. Sai da gaisuwa ta ƙare ya waiwaya ya dubi jikana sosai.

"Subhanallahi. Zuma ce ta harbe ka?"

"Kakata ce, Malam."

Dole na yi bayanin tsumma da kanwa. Malam ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, kafaɗunshi suna motsi. Da ya ɗago ya ce kumburi ba ya cikin lissafi, a kan hancin asali za a yi magana.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, hancin yaron nan aibi ne?"

Na rasa inda zan sa kaina. Idan na ce aibi ne, da bakina na miƙa shi ga wuƙa. Idan na ce ba aibi ba ne, to me nake faɗa tun yana cikin zani?

Na ce, "Malam, ai ka san mai irinshi."

"Na sani. Na marigayi ne sak."

"To da shi na zauna har Allah ya raba mu. Numfashi yake yi da shi lafiya lau. Tun daga ƙofar masallaci yake sanin miyar da na ɗora. Ba aibi ba ne. Wasa nake yi."

"Wasa?" in ji jikana. Ya gyara zama ya fara jerowa. Ya faɗi na burodin, ya faɗi na kajin. Ya faɗi wanda na yi ranar saukarshi ta Alƙur'ani, da na ce a riƙe allon da kyau kada ya shaƙe rubutun. Ya faɗi wasu da ni kaina na manta, kowanne da wurin da aka yi da waɗanda ke zaune. Da farko Malam yana danne dariya, daga baya ya daina. Ni kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban surukaina. Yaron nan bai zubar da ko ɗaya ba.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, wanda ya shekara da shekaru yana faɗin magana, yau kuma ya zo ya ce ba haka ba ne, ba a karɓar shaidarshi. Ta da ta rushe, ta yau ma ta rushe." Ya juya ga jikana. "Kai kuma ba ka da shaida. Je ka nemo wani."

Ya kuwa nema. Ya je wurin kawunnanshi, ya je wurin gwaggonninshi, har matan da ke leƙe ta katanga. Duk wanda ya ji a gaban Malam za a tsaya sai ya ce shi bai taɓa lura da hancin ba. Wata gwaggonshi da ta fi kowa ƙyaƙyatawa cewa ta yi ita a wurinta ma ya ɗan yi tsini.

Da kumburin ya sace ya zo gaishe ni. Na ce ya zauna, na ce ya yafe mani, kuma ban haɗa da wasa ba. 

"Likitan ya ce shi ba ruwanshi da shaida, duk ranar da na shirya in zo," ya ce. "Amma na ɗaga. Ba zan yi kina raye ba, kada ki samu sabon abin faɗa. Sai bayan ranki."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Ke dai kada ki daɗe, tsohuwa, mutane na jira."

Da can maganin hawan jinina sai an bi ni da shi ana lallashi, rabi in sha, rabi in tura ƙarƙashin katifa. Yanzu da kaina nake tambayar ko lokaci ya yi. Na rage gishiri, na bar goro, da la'asar kuma nakan taka har bakin titi in dawo. Likitar asibiti ta ce jinina ya sauka, ta tambaye ni me na canza. Na ce mata wani hanci nake gadi.