Mai Allura da Ɓarawon Haske

A layin masu gyaran waya akwai shago ɗaya tak da ba a taɓa waya a cikinsa. Shi ne na ƙarshe kafin kwana, mai ƙofar katako, kuma matar da ke zaune a ciki kowa Mai Allura yake ce mata. Tsofaffin kyamarori take gyarawa, irin manyan nan masu cin fim mai faɗi, waɗanda naɗi guda hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka. A gyaran ma da abu ɗaya aka fi saninta, wato toshe ɓarawon haske, wanda ke satar hanya ya shiga cikin kyamara ya ƙone hoto tun kafin a wanke shi.

Asalinta tela ce. Mijinta ne mai hoto kuma mai gyara, wanda ake wa laƙabi da Kar-ka-motsa, don kalmar ba ta barin bakinsa in ya tsayar da mutum gaban kyamara. Shekara ashirin da shida kekenta na ɗinki yana kusurwar shagonsa. Yatsunsa kaurara ne, saboda haka duk aikin da ya ƙi su sai ya turo mata. Ita ke yanka ƙyallen karan-miski siriri kamar gashin gira, ita ke cusa baƙin zaren ulu cikin tsagar murfin kyamara, ita ke liƙe hudar da ta fito a zugazugin fata na kyamarori masu naɗewa. Ba ta taɓa cewa tana koyo ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Wata safiya mijin yana ɗaure takalmi ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Ba a yi wata biyu ba sai ga ƙaninsa a shagon, da mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayansa riƙe da buhu da sikeli.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji ƙanin mijin. "Wannan tarkacen ba mai nemansa yanzu. A auna a kwashe, akwai mai son shagon ya sa wayoyi. Ke kuma ki koma gida ki yi jinya."

Ta dubi sikelin, ta dubi kantocin da kyamarori ke jere a kai.

"Yayanka ya mutu ne?"

"Subhanallahi, wa ya ce haka?"

"To mai rai ba a raba masa gado. Malam, ɗauki buhunka, ka ji? Nan ba juji ba ne."

"Wa zai yi gyaran? Ke?"

"A'a, kai," ta ce. "Kai da ko zip ɗin wandonka ya lalace nan kake kawowa."

Mai buhu ya ƙunshe dariya ya fice. Ƙanin mijin ya yi fushi, ya kai ƙara wurin dangi, aka yi ta aiko mata da manya. Ta tarbi kowa da ladabi, ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ya gama, washegari ta buɗe shago.

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. Kyamarar farko da ta taɓa ita kaɗai, soson toshe haske da ta liƙa ya yi kauri, murfi ya ƙi rufuwa, da ta danna da ƙarfi sakatar ta lanƙwashe. Ta kai ta gida a jaka, ta ajiye a cinyar maigidan. Ya jujjuya ta da hannun hagu, ya nuna soson, ya matse yatsu biyu alamar a rage. Haka suka riƙa yi. Ta tambaya, in daidai ne ya buga hannun kujera sau ɗaya, in kuskure ne sau biyu, in kuwa shirme ta tafka sai ya rufe ido ya juya kai, ita kuma ta ce, "To, Malam, tashi ka yi da kanka mana." Ya yi dariyarsa ta gefen baki. Shekara uku suka yi a wannan makaranta kafin Allah ya karɓi abinsa.

Masu gyaran waya kuwa sun samu abin tsokana. In ta wuce sai ɗaya ya ce, "Mama, yau gawa nawa aka kawo?"

"Gawata shekararta sittin tana aiki," takan ce. "Taka fa, da ke suma in ta ga ruwa?"

Akan yi sati ba wanda ya leƙo. Ta zauna ta goge tsohon soson da ya narke ya zama kamar kwalta, da tsinken sakace da auduga da sifirit, a kyamarorin da ba mai su. Sannu a hankali samari da 'yan mata suka fara tono kyamarorin kakanninsu daga ƙasan akwati, suna sha'awar hoton fim. Duk wanda ya wanke fim ɗinsa ya ga jan tabo, sai a ce masa ya tafi shagon ƙarshe.

Cikin waɗannan akwai wani dogon saurayi mai tabarau, ɗalibin zane. Ya kawo wata baƙar kyamara mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ta sake mata soso da zare, ya tafi yana godiya. Bayan sati uku ya dawo da tsakar rana, tun daga bakin layi ake jin muryarsa. Ya shigo ya watsa nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, a kan teburinta.

"Kin cuce ni! Kakata na ɗauka da ita. Kwana tara bayan nan ta rasu. Dubi abin da gyaranki ya yi!"

Kafin ka ce kwabo masu gyaran waya sun cika ƙofa. Wanda ya saba tsokanarta ya ce, "Ai dama mun faɗa."

Mai Allura ta jawo nagetif ɗin gabanta. Ta ce wa saurayin, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Sannan ta ɗaga nagetif ɗin ta gefe-gefe, ta fuskanci hasken taga. Ga tsohuwa zaune a kujera, hoto bayan hoto. Takwas na farko tsaf suke. Huɗun ƙarshe haske ya cinye su daga gefe biyu, kamar wuta ta lashi bakin zane, na goma sha biyu ya fi kowanne ƙonewa.

"A na ƙarshen ne ta yi dariya," in ji saurayin. "Ki bi ni gida ki gaya wa mahaifiyata laifinki ne. Ki faɗa a gaban mutanen nan."

Zuciyarta ta karye masa, don ta san abin da ake ji in mutum ya tafi ya bar hoto kaɗai. Da ta ce laifinta ne da ya samu inda zai sauke kayan da ke kansa. Amma ta san hannunta.

"Ba zan faɗa ba, ɗana, don ba nawa ba ne. Biyo ni."

Ta kai shi ɗan ɗakin ajiya na bayan shago, wanda ba shi da taga, ta kira mai tsokanar ma ya zama shaida. Ta kunna ƙaramar tocila, ta sa a cikin kyamarar, ta rufe murfi, ta ja ƙofa. Duhu ya rufe su.

"Ku jira idonku ya saba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In akwai tsaga, hasken zai fito ta nan."

Ta jujjuya kyamarar sama da ƙasa, gaba da baya. Ko ɗigo babu.

Da suka fito ta ce, "Kyamara in tana yoyo, wuri ɗaya take ɓata kowane hoto, tun daga na farko. Naka na ƙarshe kaɗai ya taɓa, su ne kuma ke waje in an naɗe fim." Ta ɗora wani mataccen fim a ciki, ta murza har ƙarshe, ta miƙa masa. "Cire min shi yadda ka cire wancan."

Ya buɗe murfi, ya fisgo kwarkwaron da fim ke naɗe a jikinsa da yatsu biyu. Baƙar takardar da ke kare fim ɗin ta saki, ta kumbura, har ana hango bakin fim ta gefe. Ya tsaya yana kallon hannunsa.

"A ina ka cire?"

"A tsakar gida," ya ce a hankali. "Cikin rana."

Masu gyaran waya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi kwarkwaron, ta nuna masa yadda ake danne takardar da babban yatsa, a ja ta tamau, a liƙe, a juya wa rana baya. Ta tattara nagetif ɗin ta sa masa a ambulan.

"Kana da takwas lafiyayyu. Akwai waɗanda ko ɗaya ba su da shi. Je ka wanke wa mahaifiyarka."

Ya fita, bai kuma taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Sai dai bayan wata guda ya dawo da kyamarori uku na abokansa, ya ajiye, ya gaishe ta har ƙasa.

Yanzu shekarunta sun haura saba'in. Bara yanar ido ta rufe mata gani, 'yarta ta zo daga inda take aure da niyyar tafiya da ita gaba ɗaya. Ta yarda aka yi mata aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, amma tafiya ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Ranar da likita ya cire bandeji na biyu ya ce ta huta wata guda, kada ta kalli ƙananan abubuwa.

"Likita, allura ƙarama ce ko babba?"

"Ƙarama ce, Mama."

"To, na ji," ta ce.

Kwana goma sha ɗaya ta iya daurewa. A na goma sha biyu 'yar ta dawo daga cefane ta tarar da ɗaki wayam. Ta bi ta shago, ta same ta da baƙin gilashin asibiti a goshi, hantsaki a hannu, tana jan zaren ulu cikin tsagar wata kyamara.

"Umma! Me likita ya ce?"

"Ya ce kar in taɓa allura. Kin ga allura a nan? Matsa daga ƙofa, kin tare min haske."