Tanderun Na Eufrosina

A unguwarmu ta masunta a garin Juchitán babu wanda bai san Na Eufrosina ba, wato Inna Eufrosina a yarenmu. Sana'arta totopo, gurasar masarar nan mai ƙaras-ƙaras da muke ci da kifi da cuku. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, a bakin tanderu ta raine su har kowa ya kama gabansa. Mace ce mai kyauta, amma tanderunta ko 'yar cikinta ba ta isa ta taɓa ba.

"Aron tanderu? Gara ki ce in ara miki mijina, da yana raye," haka take sallamar mata.

Shekarar da ƙasa ta girgiza, rabin unguwar ya zube. Ɗaki ɗaya ya rage mata, shi ma ba mai yarda ya kwanta a ciki. Tanderun mata kuwa duk sun farfashe, don manyan tukwane ne na yumɓu da ake binnewa cikin dakali. A layinmu nata kaɗai ya tsira, ko tsaga babu.

Ina cikin ƙungiyar sa-kai ta garinmu, wadda a da aikinmu bai wuce raba wa tsofaffi tabarau da fentin makarantu ba. Sai ga rassanmu na wasu garuruwa sun aiko da buhunan masara da wake da tamfol. Masara ta samu, wurin gashi ne babu. Shugabanmu Amílcar, wani likitan haƙori, ya ja ni muka je wurinta. Muka tarar da ita a gindin mangwaro tana tsintar kwanoninta daga cikin ƙasa.

"Inna, roƙo muka zo," in ji shi.

"Likita, in haƙori ne, 'yan kaɗan suka rage, kuma ina son abina."

"Tanderu ne. Jama'a na kwana a titi, yara tun shekaranjiya biskit suke ci."

Ta kalli layin, inda mutane suka baje tabarmi a gaban kangayen gidajensu.

"Su wa za su gasa?"

"Duk wadda ta iya."

"Har da Tirsa? Wadda totoponta sai ka ce tafin takalmi?"

Na Tirsa maƙwabciyarta ce, kuma katangar da ke tsakaninsu ta faɗi, don haka ta ji komai. Ta ɗaga murya: "Ina jin ki, tsohuwa! Takalmin nan shi marigayi mijinki yake aikowa a sayo masa a ɓoye."

Duk muka kwashe da dariya, har da ita. Rabon da in ji dariya a layin nan tun kafin girgizar. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ku kawo itace busasshe. Wadda ta fasa min tukunya, ita zan gasa."

Daga ranar wuta ba ta mutu a gidan ba sai don tukunyar ta huta. Mata suka riƙa karɓa-karɓa, mu kuma muna kai niƙa muna raba totopo a kwanduna. Ita tana tsaye a kansu da muciya, tana faɗa tana gyara. Sau da yawa ƙasa takan sake motsawa, kowa ya ruga tsakar titi, in ta lafa a dawo a ci gaba da manna ƙullu.

Da damina ta ja baya, matan suka ce sun gode da sadaka, amma sana'arsu suke so. Ƙungiya ta yanke shawarar sayen tukwane a garin Ixtaltepec, wurin maginan da su ma gidajensu suka rushe. Na Eufrosina ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta zauna a gaban akori-kura, likita na tuƙi, tana yi masa tsawa a kan kowane rami. Tukunyar farko da muka sauke ta Na Tirsa ce, kuma Na Eufrosina da kanta ta kwaɓa lakar da aka binne ta.

Sai da kowace mace a layin ta hura wutarta sannan ta yarda muka fara gyaran nata gidan. Kafin nan a ƙarƙashin tamfol take kwana.

Bayan shekara ta shiga ƙungiyar. Takan ɗora 'yar falmaran ɗinmu a kan rigarta mai furanni, ta zo taro ta zauna a gaba. Da an fara dogon jawabi sai barci ya ɗauke ta. Yanzu gwiwa ta hana ta tsugunno, ta bar zuwa kasuwa, amma duk ranar taro sai ta aiko a ɗauke ta a babur mai ƙafa uku.