Tambayar da Ban Iya Yi wa Baba Ba

Shekarun baya, ina sabon fara aiki a Damagaram, wani abu ya faru a gidanmu. An jima, kuma mai yiwuwa na gauraya wasu abubuwan, amma ga yadda nake tuna shi.

Wani maƙwabcinmu a ƙauye, can wajen Gangara, ya rasu da ciwon dajin huhu. Tare suka yi zaman ci-rani a arewa da mahaifina, tare kuma suka koyi shan sigari. Tun daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Baba lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi, amma na je wajen abokina likita ina ta kame-kame.

Ya ce, in na riƙe maganarsa daidai, wannan binciken ba na kowa ba ne. Na wanda ya haura hamsin ne, ya sha taba da yawa shekara da shekaru, kuma yana sha har yanzu ko bai daɗe da bari ba. Radiyon ƙirji, wato hoton da aka saba ɗauka, bai isa ba, sai babbar na'urar hoto ta sikana. Na ce asurans, wato inshorar lafiya ta wurin aikina fa? Ya ce, "Kai da matarka da 'ya'yanku ne. Tsoho daga aljihu zai biya. Saboda haka ka tambaye shi tukuna: tun yaushe, nawa a rana, yaushe ya bari."

Nan gizo ke saƙar. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" yake cewa, yana kallon bango. Kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa furta cewa Baba na shan taba. Abin da aka yarda da shi, ba tare da an faɗa ba, shi ne ya bari tun da ya dawo daga Makka.

Na je gida, na zauna gefen tabarmarsa, na tambaye shi lafiyar gero, lafiyar awaki, har lafiyar jaki. Na tashi ban taɓo zancen taba ba. Mahaifiyata ce ta ga halin da nake ciki, ta ce, "Ka tafi wajen taubashinsa mana. Shi bakinsa ba linzami."

Kawu, taubashin nasa, ya zo wajen Baba da hantsi, ni kuma ina bayan zana ina saurare.

"Kai bawana, kara nawa kake zuƙa a bayan rumbu?"

"Tsohon banza, na bari tun Hajji."

"Wane Hajjin? Ran kasuwar Belbeji ashanar wa ka ara?"

Can Baba ya ce, "Kwali guda a rana. Tun kafin a haifi yaron nan."

Ashe yana cikin waɗanda likita ya faɗa.

Sai maganar biya. Na aika Kawu ya ce zan nemi kuɗin a wurin aiki, Baba ya ce a gaya wa yaron nan huhunsa ne, shi zai ji da shi. Ya sa aka kai bijimin da ke ja mana ruwa kasuwa. Wanda ya san zurfin rijiyoyin Damargu ya san abin da wannan ke nufi. A mota har Damagaram ina ta tunani: in an ga wani abu, ina za mu sa kanmu? In ba a ga komai ba, na raba gida da sa a banza.

Aka yi sikana, aka ga wani ɗan tabo a huhu, aka ce a dawo bayan wasu watanni. Da muka koma, da taimakon dangi wannan karon, tabon bai motsa ba. Likita ya ce da alama tsohon ciwo ne da ya warke, amma a bar tabar, a riƙa dawowa.

Ranin nan da jaki da hannu aka ja ruwa, tafin ƙannena duk ya yi kanta. Baba ya bari, ko dai in ce ban ƙara jin warin ba. Har yau ban iya cewa tabbas na yi daidai. Na dai san da ban tambaya ba, da ban ƙara barci mai daɗi ba.

Waɗanda kuka shaida, musamman ƙannena da suka ja igiyar, in na karkata wani wuri ku aiko mini in gyara. Baba dai ba zan iya tambayarsa ba.