Tsinin allura a cikin haƙorina

Ku da kuka yi ta cewa Sanusi tela ya cika raki, kun taɓa yin wata huɗu da ƙarfe a cikin haƙori? To ku gyara zama, bakina ya dawo.

Abin ya soma da ruwan randa. Ko kurɓa ɗaya na yi, sai haƙorin turmina na hagu ya harba har cikin kunne. Na bar keken ɗinkina a Waca na hau taksi zuwa Magariya, wurin wani mai aikin haƙori da ke da ɗan ɗakinsa. Ya ce jijiyar ta ruɓe, zai kwashe ta ya liƙe ramin. Ya yi min allurar kashe zafi, ya shiga tona saiwar haƙorin da wasu siraran allurai.

Can sai na ji ƙas.

Jama'a, shekarata tara a kan keke. Boko ban yi ba, a jikin kwalayen magani na koyi karatu, amma ƙarar karyewar allura ko a cikin kasuwa na san ta. Na ce, "Malam, allurarka ta karye." Ya ce, "Ba komai, buɗe baki." Ya liƙe, ya sallame ni.

Sati uku kunci ya kumbura, dasashi ya fara mugunya. Tuwo sai ta gefe guda, gasasshiyar masara kuwa sai kallo. Na ce wa mutanen gida ƙarfe ne a ciki. Inna ta ce, "Kai komai ɗinki ne a wurinka." Kawu Habu ya ce, "A fizge shi mu huta da bakinka." Na ce haƙorina ne, ba na gayya ba.

Da kumburin ya doshi ido, tsoro ya kama ni sosai, na tafi Damagaram. Wata likitar haƙori ta ɗauki hoton radiyo, mai nuna cikin ƙashi, ta ɗaga shi a haske. Ga guntun allurar nan, fari tas, kwance a ƙasan saiwa. Wallahi dariya na yi, da kumburina da komai. Kawu da ya rako ni ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Likita ta ba ni maganin kwana biyar, ta ce in dawo. "In guntun ya fito, haƙorinka ya tsira. In ya ƙi, sai cirewa. Ban yi maka alkawari ba."

Ranar aikin ta shimfiɗa min roba a baki, ta sa gilashi mai ƙara girma, ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai tsuwa kamar sauro tana girgiza guntun a hankali. Awa biyu baki buɗe, ban ce uffan ba. Kawu ya leƙo ya ce, "Likita, robar nan ana sayar da ita? A ba ni ta gida."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ɗora min shi a kan auduga. Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ɗan wannan ne ya ci min jika arba'in na sefa da ɗinkin salla guda.

Na fara zagin mutumin Magariya, ta tsayar da ni. "Allurar nan tana karyewa a hannun kowa, ni ma ta taɓa karye min. Laifin shi ne a liƙe a yi shiru."

Nan ta zo inda nake. Mu teloli, in allura ta karye, ba ma miƙa riga sai mun nemo tsinin. In ba mu gan shi ba, sai mu gaya wa mai riga.

Jiya na ci masara biyu da haƙorin nan. Na gode wa Allah, na gode wa likita, na gode wa Kawu duk da bakinsa, da Inna da ta yi ta dama min kunu. Ku kuma, in an taɓa muku saiwar haƙori ciwo ya ƙi tafiya, kar ku zauna kan ƙwayar kashe zafi. Ku nemi hoto, kuma kar ku yi saurin cirewa.

Tsinin yana cikin gwangwanin maɓallaina. Malam, ban kama sunanka ba, amma na san kana karanta ni. Ka ji ƙas, na ji ƙas. Me ya hana ka faɗa min? Kar ka kira ni a waya. Nan ƙasa za ka amsa, a gaban mutane.