Tabon Mai a Gyalena

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan maganar bindigar nan. Kawu ya ce gajen haƙurina ne yake bauɗar da harsashi. Tanti, matarsa, ta ce dama harbi ba na mata ba ne, Allah ne yake nuna mini a hankali. Ni kuwa na rantse mai karkataccen baki aka sayar mana. Duk cikinmu ba wanda ya dace.

Bindigar iska ce, amma ba irin wadda yara ke harbin balan-balan da ita a wurin maulidi ba. Babba ce mai faɗin baki, harsashinta na dalma ya kai ƙwayar gyaɗa, a ƙarƙashinta akwai tulun iska da ake cikawa da famfo. Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa nake a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira tun da na gama sakandare a Maraɗi. Ɗan kasuwa ne, kuma bayan kasuwa ba abin da ya dame shi sai harbi. Ya daɗe yana zaɓe a waya: wannan ta yi nauyi, waccan tana shan iska kamar tsohuwar mota da mai. Da ya tsayar da ɗaya sai aka shiga zirga-zirgar takardun izini a Wustul Balad, can tsakiyar gari. Ni nake raka shi, don na fi shi jin Larabcin titi, nasa na littafi ne, ma'aikata murmushi kawai suke yi masa. A tsayuwar layin nan na fara jin ni ma ina da rabo a cikinta.

Duk Juma'a bayan an sauko muke tafiya wani filin harbi a bayan gari, inda yake da rajista. Ni ce mai buga famfo har kafaɗuna su yi tsami, ladana kuwa ya bar ni in yi harbi. Ranar farko harsasaina suka taru wuri guda a tsakiyar takarda, har wani dattijo Bamisire da ke gefenmu ya leƙo ya ce, "Ma sha Allah, ya binti." A mota ban bar Kawu ya huta ba.

Juma'ar da ta biyo duk suka gangara ƙasa ta hagu. Na murɗa kusoshin madubin saitin da ke saman bindigar, suka dawo tsakiya. Wata Juma'ar suka haye sama. Na sake murɗawa. Kawu ya karɓa bayana, ya harba, ko takardar bai samu ba.

"Ke, wa ya taɓa mini madubi?"

"Kawu, bindigar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya."

"Bindiga tana tsaye, ke ce ba kya tsayawa. Ko shayi ba kya bari ya huce. Khalas, shi ke nan, Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In kika sake watsa mini dalma a yashi, ki zauna gida ki taya Tantinki tsintar shinkafa."

Ba na tsoron faɗan Kawu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Juma'ata. Duk mako a cikin hayaniyar Alƙahira nake, hon ɗin mota, ihun mai sayar da tukunyar gas, rediyon maƙwabta. A filin nan ne kaɗai nake jin numfashina.

Ana cikin haka Tanti ta kira ni baranda, tana shanya, ranta a ɓace.

"Zo ki ga aikinki. Man da kawunki yake shafa wa katakon bindigarsa ya gama da gyalenki kaf. Sabulu ya ƙi fitar da shi."

Ta jera su a igiya. Na zo da niyyar in ce ma'alish, a yi haƙuri, in wuce, sai na tsaya. Ruwan ƙasan nan na auduga, tabonsa ɗaya ne, ɗan ƙarami, daidai ƙasan ƙashin kunci. Shuɗin mai santsi da nake ji da shi, tabon ya ja layi tun daga kunci har haɓa. Mai kaurin da nake sawa in ana sanyi, nasa can gefe yake, kusa da kunne. Wato duk gyalen da na sa, wuri daban kuncina yake sauka a kan katako, idona kuma ta wani gefe daban yake leƙa madubi. Ranar da dattijon nan ya yaba mini, ruwan ƙasan ne a kaina.

"Tanti, kar ki sake wanke su."

"Ku ji ta. Da ƙazanta za ki fita?"

Ranar Juma'a na cusa su duka a jaka. Na ce wa Kawu ya saita madubin yadda yake so, ba zan taɓa ba. Na yi harbi da shuɗin, suka watse. Na shiga banɗakin mata na canza.

"Harbi muka zo ko biki?" in ji Kawu.

Ban kula shi ba. Da mai kaurin suka taru, amma a gefe. Na sake shiga na fito da ruwan ƙasan, na ɗora kuncina daidai kan tabon, na saki numfashi, na ja kunama. Da muka je duba takardar, babban yatsana ya rufe ramukan gaba ɗaya.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"Tamam. Amma gajen haƙurin yana nan, kar ki ɗauka an yafe." Sai ya miƙo mini famfo. "Yalla, cika mana tulu."

Na cika, ina dariya, kafaɗa tana tsami.

Gyalen nan ruwan ƙasa a wani ɗan shago na saye shi a unguwar Darrasa, bayan masu sayar da littattafai, kuma na san halin 'yan kasuwar nan, yau yadi yana nan, gobe sun canza. Gobe da safe zan je in kwashe duk abin da ya rage na irinsa, ko da Tanti za ta ce na zama mai kala ɗaya kamar 'yar makaranta. Kusoshin madubi kuwa na bar wa Kawu abinsa.