Yaya Teruko da fuskoki ɗari biyu

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, aka bugo mini waya daga Osaka cewa kin rasu, Yaya Teruko Shimabukuro. Na ce to, na ajiye wayar, na ƙarasa shinkafar da ke gabana. Har yau ban yi kuka ba, kuma ban san dalili ba.

Shekara ashirin da shida muna fim ɗin zane tare, ni darakta, ke mai zana taron jama'a, wato mutanen da ke can baya, waɗanda ba a ba su ko kalma ɗaya. Sauran masu zane ɗigo-ɗigo suke yi su wuce. Ke kuwa sai kowa ya samu hanci da kunne da irin tsayuwarsa. Na taɓa ce miki daƙiƙa uku kacal za a gan su, kika ce, "Yallaɓai darakta, kai ma a bayan wani kake tsaye, amma ka zo da fuskarka." Duk sabon ma'aikaci ke kike koya masa fiƙe fensir, ki raba masa abincinki, sannan ki yaga zanensa na farko.

A fim ɗinmu na ƙarshe sojoji sun ƙwace gonakin mazauna duniyar wata, jama'a suka fito suka tsaya a bakin shingen waya. Kin zana mutum ɗari biyu. Masu ɗaukar nauyin fim ɗin suka ce fuskokin sun yi kama da mutanen tsibirin Okinawa, za a ce siyasa muke yi, a mayar da su inuwa. Kina asibiti na buga hatimina a takardar amincewa. Na zo duba ki sau biyu bayan haka, na kawo miki lemo, ban faɗa miki ba.

Ranar jana'izarki na shiga layin sa turare, sai na ga na san kowa. Ga tsohon nan mai karyayyen kunne, ga matar da ke riƙe haɓa da hannun hagu. Ban taɓa haɗuwa da su ba, amma wata takwas ina kallonsu a zanenki a teburina. Ashe mutanen unguwarku ne, waɗanda iyayensu suka baro Okinawa bayan an ƙwace musu ƙasa.

Gwaggonki Kamado ta kamo hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, kai ne daraktan? Ta ce ina sahun gaba, wai har ta rage mini shekara goma. Yaushe za mu je kallo?"

Na sunkuya mata, na daɗe ban ɗago ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Seiko da Gwaggo Kamado da dukan unguwa. Ubangiji ya yi miki rahama, ya ba su haƙuri. Jiya na je na karɓo takardar amincewar nan na yaga, aka ce in haka ne wani zai ƙarasa fim ɗin. Zanenki na asali dai yana wurina, kuma ranar Lahadi zan kai shi unguwarku, kowa ya ɗauki fuskarsa.